Malama Yagana da ƙwaryar nonon Dada

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Yuli, bayan azahar, aka zo gidanmu a Wunti aka ce Allah ya karɓi ranki, Malama Yagana. Mahaifiyata Dada tana wanke ƙwarya, sai ta kife ta, ta shiga ɗaki.

Ba ki san sunana ba. Ni ce yarinyar da ke tsayawa bayan Dada da mayafi a baki.

Damina biyu da suka wuce amai da gudawa ya shigo unguwarmu. Aka fara cewa nonon da su Dada ke kawowa talla ne ya jawo shi. Dada ta kwana uku tana dawowa da ƙwarya cike, maƙwabta suka hana 'ya'yansu shigowa gidanmu. Ke ce jami'ar lafiya mai riƙe lasifika a motar shela. Wani babba daga ofis ya ba ki takarda ki karanta, cewa an hana sayar da nono. Kika tambaye shi wa ya gwada nonon. Babu wanda ya gwada. Kika ce ba za ki faɗa wa mutane abin da ba a tabbatar ba.

Kika zo bakin kasuwa da ƙananan kwalabe, kina ɗiba daga kowace ƙwarya. Wani tela ya ɗaga murya: "Hajiya, in kin yarda da shi, ki sha mu gani mana!"

Kika yi dariya kika ce, "Malam, ko na shanye ƙwaryar nan ba hujja ba ce. Bari a gwada."

Kika bi gidajen marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya kina tambayar inda suke ɗiban ruwa. Kusan dukansu rijiya ɗaya suka ambata, wadda ke kusa da kwata. Da sakamakon ya dawo, ita aka rufe. Kika zaga da mota kina faɗin gidaje nawa kika shiga, me aka samu a ruwa, me ba a samu a nono ba. Washegari Dada ta sayar da nononta tun kafin la'asar.

Sau biyu na gan ki bayan haka, kunya ta hana ni gaishe ki. Jiya mun je gidanki a Ɗan Iya, na zauna can ƙarshen tabarma, bakina ya ƙi buɗewa. Shi ya sa na rubuta.

Damina ta sake kamawa. Dada tana fita kullum, amma duk lokacin da ta ji motar shela sai ta tsaya cak ta saurara. Ban san wa aka ba lasifikar yanzu ba.

Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa maigidanki da 'ya'yanki ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Wanda ya gaje ki kuma, Allah ya sa ya riƙa tambaya kafin ya yi shela.

Yelwa Jalo, Wunti, Bauchi