Kawu Sjoerd da rabin dankali

Kawu Sjoerd ya yi shekara arba'in yana raba wasiƙu a ƙauyenmu na Friesland. Duk Nuwamba yakan sauko da takalmansa na zamiya a kan ƙanƙara, ya goge tsatsar ƙarafunansu da rabin dankali da gishiri. Burinsa ya sake zamiya kafin gwiwa ta ƙi, amma shekara tara kogin bai daskare ba.

Ni da nake malamin kimiyya na yi masa bayanin ɗumamar yanayi, har da zane.

"Sannu, shehin malami," in ji shi. "Miƙo gishirin."

Bara kogin ya daskare kwana uku. Nawa takalman tsatsa ta cinye su. Ya zame har ƙauyen gaba, ni ina gaɓa riƙe da kwat ɗinsa.