Shafukan da Ke Jikin Taga

Abin da na fara gani ranar da muka koma gidan Gwaggo a unguwar Mahjar ta Jidda shi ne tagar ɗakin da aka ba mu. An manne gilashinta da shafukan wani tsohon littafin Turanci saboda rana. Kawu, mijin Gwaggo, shi ya tsinto littafin a sito, wajen aikinsa.

Iƙamar Baba, takardar izinin zamansa, ta mutu, kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya ƙi sabuntawa. Tawa a jikin tasa take, don haka na daina zuwa makaranta. Takardar fita ƙasar kawai muke jira. Ko shago ba a aikena, Baba ma iyakarsa masallacin lungu.

Sai na koma karanta taga. Wasu shafukan a juye suke, sai na karkata kai. Labarin wata majami'ar dutse ce ta 'yan mishan ɗin Methodist a Amurka, a ƙasar wata ƙabila da ake kira Wyandot. Wani baƙin mutum mai daɗin murya ne ya fara yi musu wa'azi. A hoton, ginin ɗan ƙarami ne, da kaburbura a gefensa. Daga baya gwamnati ta tashi 'yan ƙabilar daga ƙasarsu. Shafin ƙasa, wanda rana ta fi ci, shi na fi maimaitawa: kafin su tafi, sun kafa wa matattunsu duwatsu, suka bar majami'ar da maƙabartar amana a hannun 'yan mishan.

"Ya salam, mun yi fasto a gida!" in ji Gwaggo da ta same ni a durƙushe. "Yalla, taso ki tsince min shinkafa."

Na tashi na hau tsintar shinkafa. Umma nake tunani. Shekara biyu ke nan da aka binne ta a nan Jidda, inda kabari ba ya da suna, kowanne kamar na kusa da shi. Mu mata ba mu raka ta ba, Kawu kuma ba ya gari. Baba kaɗai ya san wurin, ya ce daga bango ya ƙirga kaburbura. In ya hau jirgi, shi ke nan, ba sauran wanda ya sani.

Kwana uku ina juya maganar a bakina. Ran Juma'a na kai masa shayi, na tsaya ina kallon yatsun ƙafata.

"Lafiya, uwata?"

"Baba, na san 'yan sanda na tare marasa iƙama a hanya. Amma don Allah, kafin mu tafi, ka kai Kawu wurin Umma, tunda shi yana nan. Ku ƙirga tare."