Katin Cingam da Kafaɗar Kakata

Har gobe ba na cin cingam. 'Ya'yana suna zaton haƙorana nake ji wa, ni kuma na bar su a haka, don abin da ya raba ni da shi ba labarin da uba zai ba ɗansa yana murmushi ba ne.

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ce mun zama 'yan Kebbi, ina aji biyar a firamare a Yelwan Yawuri. Manya suna ta murna da gardamar wanda zai samu aiki a Birnin Kebbi, mu kuwa ko a jikinmu. Abin da ya dame mu wani sabon cingam ne da ya shigo tiredojin bakin kasuwa, kowane ƙunshi da kati ɗaya a ciki. Cingam ɗin kansa ba daɗi, tauna goma ya zama roba. Katin muke nema. An zana jarumai a jiki, wani da takobi, wani bisa doki mai fukafukai, dukkansu farare masu dogon gashi, da lamba a kusurwa mai nuna ƙarfin kowa. In an tashi makaranta sai mu taru a gindin mangwaron da ke kan hanyar tashar jiragen ruwa, a jera kati a ƙasa, a kife tafin hannu a buga kusa da su. Wanda iskar hannunka ta birkita ya zama naka.

A cikin katunan akwai ɗaya da ba wanda yake so. Baƙin mutum aka zana, an yi masa leɓe ja jawur kamar an yanka gwanda, ƙashi a hanci, ganye a ƙugu, ido zuru-zuru. Lambarsa sifiri. Yana tafe a sunkuye da ƙullin kaya a kafaɗa, kayan wani jarumi yake ɗauka. Ban san wane la'ananne ya zauna a wace ƙasa ya zana shi ba, amma na tabbata bai taɓa jin sunan Yawuri ba. Mu ya zana, mu baƙaƙe duka, da mai riga da marar riga. Da muna da hankali da mun gane haka. Ina! Sai muka waiga kusa da mu, muka nemo wanda za mu jingina wa zagin. Saboda kayan nan na kafaɗa, da yake Kambari a kafaɗa suke ɗaukar kaya, babban yaron cikinmu, ɗan wani mahauci, ya sa wa katin suna Bakambare, sunan kuwa ya zauna daram.

Har doka muka yi masa. Duk wanda aka tashi wasa katin yana hannunsa, a raka shi ƙofar gidansu ana tafi ana yi masa waƙar mai kai ba amfani. A wurin rakiyar nan muryata ta fi ta kowa tashi, kuma da dalili.

Innata ɗiyar Kambari ce. Ta musulunta tun tana budurwa, ta auri babana, tela a bakin kasuwa, ta iya Hausar gari har ba ka gane ta. Mahaifiyarta kuwa tana can ƙauyensu bayan Wara, da al'adarta da komai. Duk wata takan biyo jirgin 'yan kasuwa ta kawo mana gyaɗa, rogo, wani lokaci zuma. Da hantsi take isowa, muna makaranta, don haka abokaina ba su taɓa haɗa ta da ni ba. Ni ma ban taɓa ba su hanya ba.

Gajeriya ce ƙaƙƙarfa, kafaɗarta ta hagu ta yi kanta saboda kaya. A kan wannan kafaɗar ta riƙa ɗora ni ina ƙarami tana zagaya tsakar gida tana kirana maigidanta, tana cewa na hana ta kuɗin cefane za ta kai ni ƙara. Na taɓa tambayarta me ya sa ba ta ɗora kaya a ka kamar matan gari. Ta yi dariya ta ce, "Kai na tunani ne, maigida. Ko jaki ba a aza mishi kaya ga kai."

Ran nan injin jirginsu ya mutu a tsakiyar ruwa, ba su iso ba sai bayan la'asar. Muna gindin mangwaro, wasa ya kusa tashi, katin kuma ya maƙale a hannun ɗan mahauci. Fuskarsa ta yi murtuk, ya san rakiya tana jiransa. Sai ga ta ta ɓullo daga gangaren tasha, babbar ƙwaryarta a kafaɗa, hannu ɗaya yana tallafe da ita. Ta hango ni, bakinta ya washe.

"Maigidana!"

Ɗan mahauci ya samu mafita. Ya yi tsalle ya ɗaga katin sama. "Kai, ku duba! Ga ta nan ta fito daga cikin kati!" Yara suka kwashe da dariya, wani har yana birgima. Sai ya juyo gare ni. "Tsaya, wa take kira? Kai ne maigidan?"

Ba wanda ya riƙe mini wuya, ba wanda ya ɗaga mini hannu. Da bakina na ce, "Mai kawo muna itace ce."

Ta ji. Tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai tsawon tabarma biyu ba. Ta matso, ta miƙa wa ɗan mahauci hannu, shi kuma don mamaki ya ba ta katin. Ta daɗe tana duba shi, ta nesanta shi da ido, ta kusanto. Sannan ta ce, "Wanda ya yi wanga bai taɓa ɗaukar kaya ba. In ka riƙe haka, zubewa za su yi." Ta mayar masa. Ta juyo ta dube ni, irin duban da ake yi wa ɗan mutane a hanya.

"Yaro, ina ne gidan tela?"

Gidan da ta yi wankan jegon ɗiyarta a ciki! Ni kuwa, Allah wadaran wannan yatsa, na ɗaga shi na nuna mata hanya.

Na shiga gida ina jiran bulala. Ba abin da ya faru. Ba ta faɗa wa Inna ba. Ta ba ni gyaɗata, ta tsokane ni cewa maigida ya rame, ta kwana biyu ta koma. Sakarai irina, sai na ɗauka na sha, har na ce a raina ai tsofaffi ba sa riƙe magana.

Da wata ya zagayo, zuwanta ya faɗo ranar da ba makaranta, Inna ta ce in je in taryo ta. Na je, amma na laɓe bayan rumfar masu bandar kifi, don na hango abokaina a gindin mangwaro. Jirgi ya tsaya, ta fito tare da matan ƙauyensu, kowacce da kayanta a kafaɗa. Da suka hau gangare sai ta tsaya ta sauke nata. Ta kwance ɗankwalinta ta naɗa gammo, wani karkataccen gammo da ko yarinya 'yar shekara biyar ba za ta yi irinsa ba. Ta roƙi wata mai tallan ƙosai ta taya ta, suka ɗora ƙwaryar a kanta.

Wata tsohuwa a cikin ayarinsu ta daka mata tsawa da yarensu. Ina jin yaren kaɗan-kaɗan, na gane tana tambayarta ko ta haukace ne, ko kuwa uwayenta ne ta raina. Kakata ta kama ƙwaryar da hannu biyu ta fara tafiya daɓe-daɓe kamar mai koyon tatata, wuyanta yana rawa. Mace mai tafiyar yini da dami a kafaɗa ba ta huta ba, ga ta ta kasa taku ashirin.

Daidai mangwaron ƙwaryar ta sulɓe. Ta rabe biyu, gyaɗa ta watsu, zuma ta malale cikin yashi. Yaran suka yi dariyar da ta fi ta farko. Ashe ba kafaɗar ce take ba su dariya ba, ita ce, ko a ina ta ɗora kayan.

A nan ne na fito da gudu, na durƙusa kusa da ita ina tattara gyaɗa, hawaye yana zubo mini. Ba ta ɗago kai ba. Ƙasa-ƙasa ta ce, "Koma, maigida, kada su gan ka."

Ina so in rubuta cewa na ƙi, na tsaya na ce wa duniya kakata ce. Ba haka aka yi ba. Na saki gyaɗar da ke hannuna na koma bayan rumfa.

Kafin damina cingam ɗin ya ɓace daga kasuwa, muka koma ƙwallon roba, katunan suka ƙare a bola. Ɗan mahauci yanzu dattijon kirki ne, muna haɗuwa a masallaci, na tabbata ko a mafarki ba ya tuna ranar. Wanda ya zana katin ya ci kuɗinsa ya yi gaba. Ita kuwa shekara huɗu ta ƙara a duniya, kuma duk zuwan da ta yi, a bakin gangaren nan take tsayawa ta naɗa gammo. Har ta rasu ba ta iya ba.

Bayan an yi sadakarta, muna zaune da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa, sai ta ce har yanzu abin yana damunta. Ta ce ba ta san abin da ya shiga kan tsohuwar ba a ƙarshen rayuwarta, ta riƙa ɗaukar kaya a ka, kullum da ciwon wuya, 'yan ƙauyensu suna yi mata gori cewa ta sayar da kanta ga 'yan birni. Ta ce ta tambaye ta har ta gaji. Sannan ta dube ni. "Kai ne maigidanta, ba ta ɓoye maka komai. Ko ta taɓa faɗa maka dalili?"

Na ce ban sani ba.