Tafin Ƙafar Ƙasimu

A unguwar Ƙuba ta Madina aka haifi Ƙasimu, jikan wani Bahadeje da ya tako aikin Hajji da ƙafa bai koma ba. Cikin baƙin dutse da gonakin dabino ya tashi, bai taɓa ganin teku ba sai da ya yi gemu. Amma daga ranar da ya sami aiki a wata gonar mahar kusa da Yanbu, wato kumbar tekun nan mai tauri da ake kiwo a gaɓa, sai ruwa ya shiga ransa.

Aiki ne na haƙuri. Ana watsa iri ƙanana kamar ƙwayar dawa cikin yashi inda ruwa bai wuce gwiwa ba, a rufe da raga saboda ƙaguwa, a zauna jira. Abokan aikinsa da takalmin roba suke shiga. Shi kuwa ƙafa tsirara yake takawa, yana lalube da tafinsa. Yakan ce da ƙafa yake gane mai rai da wadda ta mutu ta bar ɓawo.

Duk Alhamis yana hawo mota ya dawo Madina. Matarsa Zuliha ba ta taɓa yarda mahar ta shiga tukunyarta ba. Takan ce mutumin da ya bar dabino ya tafi noman tsakuwa sai addu'a. Duk da haka ita ke goge ɓawon da ya jera a bakin taga.

Ciwon sukari ne ya fara ɗauke masa jin ƙafa, a hankali, daga yatsu. Bai gaya wa kowa ba, bai kuma sa takalmi ba, don yana ganin sa shi kamar amsa laifi ne. Wata rana fasasshen ɓawo ya tsaga masa tafin hagu. Bai sani ba sai da Zuliha ta ga jini a safarsa. Kafin a je mustashfa, wato asibiti, rauni ya ci. Dakta Saminu, wani Bazazzage, ya yi masa bayani da Hausa mai taushi, sannan aka yanke ƙafar.

Ƙasimu bai karaya ba. Ya ce ai ta dama tana nan, kuma irin da ya shuka da hannunsa ya kusa isa, shi zai kwashe.

Da ya fara murmurewa, wata la'asar ya sa Zuliha ta cika masa baho da jiƙaƙƙen yashi, ta binne ɓawon nan a ciki, don ya nuna mata har yanzu yana iya gano su da ƙafa. Ya runtse ido, ya tura ƙafar dama, ya yi ta juyawa daga gefe zuwa gefe. Can ya kira ta da sunan ɗansu.

"Ummu Usama, ba ki sa su ba tukuna?"

Ta ga bakin wani ɓawo a ƙarƙashin diddigensa, ya danne shi sosai.

"Na manta ne, Abu Usama. Bari in ɗauko."

Ya buɗe ido. Ya dubi bakin taga, babu ko ɗaya. Ya dubi hannunta, yashi har wuyan hannu.

Sai ya zare ƙafar, ya roƙe ta ta duba masa ko ta yanke, don shi ba zai sani ba. Ta durƙusa tana share masa yashin da gefen mayafinta. Ya ce idan ta gama ta buga wa mutanen Yanbu waya, ta ce su kwashe, kada su jira shi.