Mutumin da Na Bari a Rijiya

A gidanmu na Saulawa komai da tsarinsa. A yi sallar magariba, a ci tuwo, sannan mu jikoki bakwai mu kewaye murhun Iya, kakarmu ta wajen uba, tana gasa mana ɗanyar masara a garwashin da ya rage.

Dokokinta uku ne. In ta ambaci sahabi, mu ce "Radiyallahu anhu". In ɗaya daga cikin annabawa ne, "Alaihis salam". In kuwa Fiyayyen Halitta ne, sai ta ajiye muciya ta bi bakin kowa da kallo, har sai ta ji "Sallallahu alaihi wa sallam" cikakke.

Wata rana ta ba mu labarin wani manomi da ya faɗa tsohuwar rijiya a daji. Ba igiya, ba mai wucewa. Bai yi karatu ba, salatin Annabi kaɗai ya iya. Da ya yi sau ɗaya, ruwa ya ɗaga shi kamu ɗaya.

"Ku taya shi," in ji Iya. Muka yi, ruwa ya ƙaru. Muka sake, ya ƙaru. Har ya rage kamu ɗaya hannunsa ya kai bakin rijiya. Ni kuwa na ƙagu in ji ƙarshe, ga masara cike da bakina. Sai na motsa leɓe kawai.

Iya ta tsayar da labarin.

"Shida na ji. Maigidana, kai ne ka haɗiye naka da masara?"

"Na yi, Iya."

"Ka ƙara da ƙarya? To, bawan Allah ya kwana a rijiya. Ku tashi."

Washegari kunya ta hana ni zuwa wurin murhu. Kashegarinsa kuma aka kai ni makarantar kwana a Maƙarfi. Sauran ba su roƙe ta ƙarshen ba, ni ma girman kai bai bar ni ba.

Na yi furfura kafin na sake tayar da zancen. Lokacin Iya ta tsufa ƙwarai, ba ta gane 'ya'yan cikinta. Na durƙusa gefen tabarmarta na ce, "Iya, manomin nan na rijiya, mai salatin Annabi..."

Tun ban rufe baki ba, sai ta yi salatin, tiryan-tiryan, ba harafin da ya faɗi. Sannan ta juyo da kunnenta wajena.

"Ban ji naka ba."

Na yi, a hankali, da murya.

"To, ya fito," in ji ta.

Da ina ɗauka horo ta yi mini mai tsanani a kan ƙaramin abu. Yanzu na gane cewa abin da mutum ya saba wa harshensa tun yana yaro, shi ke zama da shi in komai ya tafi. Jikokina biyar ne. In na ambaci sunan Annabi, biyar nake jira in ji.