Ɗanin Sabon Mashin

Kafin in lalace, mai faci ne ni a Ƙofar Kaura. Ba zan faɗi sunana ba, domin yanzu ina da 'ya'ya, kuma su ba su yi wa kowa komai ba. Ina da injin ba da iska, da 'yar rumfar buhu, da benci guda wanda kowa a layin ya mayar nasa. Abin da nake samu ba ya sa ƙiba, amma ban taɓa kwana da yunwa ba. Gidanmu kuwa da ƙafa nake zuwa, kafin in gama shan rake na isa. Ku riƙe wannan, samari: ko kaɗan ba ni da buƙatar mashin.

Leda ce ta ci ni. Kun san wanda ya sayi sabon mashin a garin nan ba ya saurin cire ledar da ke jikin sit da madubi, don kowa ya san sabo ne dal. Wurina suke fara biyowa a duba musu iska. Ina tsugune a gindin taya, mai shi na tsaye a kaina baki har kunne, jama'a na ta "Allah shi sa alheri, Allah shi tsare." Can sai wani ya ce, "A ba mu ɗani mana." Nan take a miƙa masa makulli, ya zaga layi ya dawo, wani ya karɓa. Haka muka taso muka gani. Hana ɗani ranar sabon mashin rowa ce, kuma mutumin garinmu gara ya yi asara da a kira shi marowaci a gaban abokansa.

Wata rana ni ma na roƙa, aka ba ni. Maimakon in zaga layi sai na miƙe hanyar Batagarawa, iska na kaɗa min riga, mashin na tafiya kamar ba ya taɓa ƙasa. Na daɗe kafin in juyo. Na dawo ina shirin ba da haƙuri, sai mai shi ya yi dariya ya ce, "Mai faci, halan dangi ka tahi gaidawa?" Ko duba mashin ɗin bai yi ba. Na koma na tsugunna cikin tayoyina, amma hankalina bai dawo tare da ni ba.

Kawu Sule, ƙanen mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu. Hatsi yake sayarwa a Babbar Kasuwa. Na same shi na ce ina son sayen sabon mashin, ya sa takalmi ya raka ni wurin dillalai. Aka faɗa mana kuɗin. Ɗan abin da na tara ko kusa bai yi ba. A hanyar dawowa Kawu ya biya da ni gidan wani maƙwabcinsa, ya nuna min wani na hannu, fenti ya koɗe, sit ya sha ɗinki, amma injin lafiya lau, kuma kuɗina za su saye shi har da saura.

Na taɓe baki. Kawu ya dube ni ya ce, "Kabu-kabu za ka yi da sabon, ka riƙa ɗaukar mutane?"

Na ce a'a.

"To ina za ka da shi wanda wanga ba shi kai ka?"

Ya ce, "Leda kake so ka saya. Ita kau rana ce ka cinye ta."

Na yi fushi na tafi, ina cewa a raina tsoho bai san zamani ba. Daga baya na ji shi Kawun ya sayi tsohon mashin ɗin, yana ɗaukar buhu da shi.

Akwai wani bakanike, Mudi, da kan zo wurina sayen tsofaffin tayoyi. Ya ga yadda nake bin sababbin mashina da ido. Ranar nan da babu kowa a benci ya matso ya ce, "Bakinka na da daɗi wajen roƙon ɗani. Ka kawo mani sabon mashin guda, da ledarshi. In ka yi haka 'yan lokuta, ka sayi naka, da takardu da sunanka." Na ce a'uzubillahi. Amma ban tashe shi daga bencin ba, har ruwa na ba shi.

Ba a jima ba na yarda da maganarsa. Ga yadda nake yi. In sa kaftanina na Juma'a da hula, in tsaya nesa da shagon dillalai, in ga wanda ya fito da sabo, in hau kabu-kabu in bi shi har majalisarsu a unguwar da ba a san ni ba. In yi sallama, in bi kowa da musabaha, in tambayi iyali da aiki da gajiya. Kowa sai ya ɗauka ni abokin na kusa da shi ne. Ina bari sai mutum biyu ko uku sun ɗana sun dawo, sannan in ce, "Allah shi sa alheri, a ba ni ɗani mana." Mai mashin ba ya iya buɗe baki ya ce wane ne kai, don kada ya kunyata baƙon abokinsa. Kunyar mutane na mayar jari.

Na farko shi ne wanda ba na mantawa. Sunansa Isuhu, daga wani ƙauye bayan Batagarawa. Ina zaune a wurin na ji yana ba da labari cewa shanun huɗarsa ya sayar ya sayi mashin, zai shigo gari yin kabu-kabu, in Allah ya buɗa ya mayar da shanun kafin damina. Da kunnena na ji, kuma duk da haka na miƙa hannu. Da na hau, ƙafata ta kama rawa don tsoro, na taka na taka mashin ya ƙi tashi. Isuhu ya taso yana murmushi ya ce, "Ɗaga, Malam, in tada maka." Ya tada min shi da ƙafarsa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka riƙa ba shi wuta sannu, sabo ne." Na ja na tafi ban waiwaya ba.

Na kai mashin ɗin garejin Mudi. Na rantse ba zan sake ba. Amma kuɗin da ya ba ni ba su isa ba, kuma na riga na ƙazanta hannuna, sai na ce bari in ƙarasa. Na sake, na kuma sake, kowane karo a unguwa daban.

Ranar da na turo nawa daga shagon dillali, sabo fil da leda, da takardu da sunana, na zaci daɗi zai kashe ni. Ina isa rumfata abokai suka taso. Wani da muka tashi tare tun muna yara ya ce, "Allah shi sa alheri! Kawo makulli in ɗana." Kaina na gani a fuskarsa. Na damƙe makullin na ce ba mai a ciki. Daga ranar sunana ya koma mai faci marowaci.

Kawu ya zo ya zagaya mashin ɗin, ya tambayi inda na samu kuɗi. Na ce adashe na ɗauka. Ya dube ni ya ce, "Adashen nan naku da ƙarhi yake." Shi kaɗai ne bai ce min Allah shi sa alheri ba.

Ban taɓa jin daɗin mashin ɗin nan ba, wallahi. A cikin ɗaki yake kwana, sarƙa a ƙafarsa. In na shiga masallaci, ana tada wani mashin a waje sai in manta raka'ar da nake. Ba na zuwa unguwannin da na yi ɓarna, har garin ya yi min kaɗan. Ga labari ya bazu cewa akwai ɓarawon da ke sata da ɗani. A kan bencina ake hirar. Wani ɗan kabu-kabu ya nuna tulin tsofaffin tayoyina ya ce, "Ranar da muka kama shi, wurinka za mu zo, mai faci. Ka aje mana mai kauri." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Ni na san taya. Na san yadda take ci, da yadda take narkewa ta manne wa duk abin da ta taɓa.

Da rana tsaka abin ya faru, a bakin Babbar Kasuwa. Na tsaya sayen wani abu, ina zaune a kan mashin don ba na yarda in sauka in bar shi. Wani ramammen mutum mai tura baro ya ajiye baronsa, ya matso yana shafa ledar madubina. A hankali ya ce, "Allah shi sa alheri, Malam. A ba ni ɗani mana."

Na ɗago. Isuhu ne.

Ya riƙe kan mashin da hannu biyu. Na kai ƙafa zan taka, ƙafar ta kama rawa irin ta ranar farko. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Yau ba ni tada maka shi." Sannan ya buɗe murya: "Ɓarawo! Ga ɓarawon ɗani!"

Ban san daga inda mutane suka fito ba. Na ji ni a ƙasa, duka ta ko'ina, jini ya rufe min ido ɗaya. Aka zura min taya a wuya, ta sauko ta maƙale min hannuwa. Na ji ana cewa a kawo mai. Ba a je nesa ba. Tankin sabon mashin ɗina aka buɗe, aka zuƙo fetur da tiyo, aka tuttula min daga ka. Sanyinsa na ji har cikin ƙashi. Wani yana ta ihu, "Wa ke da ashana?" Na so in yi kalmar shahada, harshena ya ƙi juyawa. Fitsari ya kuɓuce min a gaban jama'a, ban ma ji kunya ba.

Sai na ji wani ya faɗo a kaina ya rungume ni da taya da komai. Isuhu ne. Yana kuka yana cewa, "Ni aka yi ma sata! In kun ƙone shi, wa zai hwaɗa mani inda mashin ɗina yake?" Fetur ya jiƙe rigarsa shi ma, don haka mai ashanar ya tsaya da ita a hannu. Wannan ɗan tsaikon ne ya ba Kawu da 'yan layin hatsi damar kutsowa su kewaye mu, har 'yan sanda suka iso. Kawu ne ya cire min tayar da hannunsa, bai yarda mun haɗa ido ba.

Abin da ya fi dukan ciwo shi ne ba ni da abin da zan faɗa wa Isuhu. Mashin ɗinsa an daɗe da warwatsa shi an sayar. Mudi kuwa yana jin an kama ni ya ɓace. A gaban alƙali na amsa komai. Aka sayar da nawa mashin ɗin aka raba wa waɗanda na cuta, abin da ya kai hannun Isuhu ko ɗan maraƙi ba zai saya ba. Ni kuma aka wuce da ni gidan yari na shekaru. Can ciki ba yunwa ko sauro suka fi damuna ba. Duk sanda wani ya ƙyasta ashana sai in zabura in kama wuyana, har 'yan ɗakinmu suka mayar da abin wasa.

Ranar da aka sake ni, na fito ina tunanin ba wanda zai zo. Sai ga Kawu a gindin bishiya, ya tsufa, yana jingine da tsohon mashin ɗin nan da na raina. Mashin ɗin yana nan yana aiki. Muka gaisa, na durƙusa a gabansa. Ya ɗago ni, ya miƙo min makulli.

Na ce, "Kawu, ni za ka ba makulli?"

Ya ce, "Idona ba shi gani sosai yanzu. Kuma ina bayanka zaune, ina za ka da ni?"

Na karɓa. Na ja mu sannu sannu ina hawaye, mashin ɗin ya kai mu har ƙofar gida.

Ban koma faci ba, ba na iya taɓa taya. Awon hatsi nake yi wa Kawu a rumfarsa. Na nemi Isuhu na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe don Allah, amma in daina gaishe shi. Har yau baro yake turawa, ta gaban rumfarmu yake wucewa, gonarsa kuwa wani ke nomawa. Na tuba, ina kuma roƙon Allah ya karɓa, amma tubana bai mayar masa da shanunsa ba. Kwanan baya na ga wani saurayi da sabon mashin, abokinsa ya roƙi ɗani, ya ce masa, "Yanzu an daina, ba ka ji abin da ake yi ba?" Na sunkuyar da kai na ci gaba da awona.

Samari, duk wanda a cikinku sabon mashin ke hana shi sukuni, ya zauna ya yi wa kansa tambayar Kawu: ina za ka da shi wanda na hannu ba zai kai ka ba? In sana'a za ka yi da shi kuma guminka ya isa, saya, Allah ya tsare. In don a gan ka ne, haƙura, ka taka da ƙafarka. In kuma wani ya matso kusa ya ce yana da gajeriyar hanya, tashe shi daga bencinka tun kafin ya gama magana. Ni na samu wanda ya faɗo a kaina ranar da aka kawo ashana, kuma mutumin da na cuta ne. Kada ka sa rai kai ma za ka samu.