Kibiya Marar Gashi

"Haba Baba Wendell, tun safe kake datsar kibiyar nan! Gobe fa ake buɗe farauta!" Muryar mai shagon baka da kibau ce ke ratso bangon katako. Marlys, wadda ta zo sayen tsirkiya, ta leƙa.

Baba Wendell tsoho ne mai karkatacciyar kafaɗa. Yana harba kibiya tsirara, babu gashi, don ya ga inda take kaucewa. Ta kauce dama, sai ya rage mata tsawon farce. Marlys ta ce a ranta, wannan ba ƙwazo ba ne, tsoro ne.

A bakin ƙofa tsohon ya juyo ga mai shagon. "Yaro, bara a tumbi na harbi barewa. Kwana uku ina bin jininta, ban same ta ba. In kibiyar nan ba ta tafi daidai ba, gobe ina gida."